A Saurari Uwar Yaron da Ba Ya Waiwayowa

Aikina koyar da yara masu buƙata ta musamman ne a cikin garin Katsina, amma rabin aikin da iyaye mata nake yinsa. Akasarin masu kawo mini yaro da magana ɗaya suke farawa: "Malama, tun yana shekara biyu na ga alama, aka ce in yi haƙuri." A lokacin kuwa yaron ya kai bakwai ko takwas. Shekarun nan da ke salwanta a tsakani su ne damuwata.

Abin da uwar ta gani ba ɓoyayye ba ne. Ana kiran sunansa ba ya waiwayowa, amma da an buɗe ledar biskit a ɗaki sai ya taho. Ba ya nuna abu da yatsa, ba ya haɗa ido da mutane. Yana iya wuni yana jera murafen kwalba, in aka taɓa ɗaya gidan ya rikice. Ƙarar injin markaɗe ko janareto kan sa ya toshe kunne yana ihu. Likitoci na kiran wannan otizim, mu kuma mun fi saninsa da galahanga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na tare da shi, kuma an fi gano shi a maza.

Da ta faɗa, sai amsoshi su yi mata yawa. Uwar miji ta ce nauyin baki ne, ubansa ma bai yi magana da wuri ba. Maƙwabciya ta ce shafar aljanu ce, ko ta fita da shi da almuru? Wata ta rantse hannun kishiya ne. Daga nan sai a shiga yawon neman magani, hayaƙi da rubutu da jiƙe-jiƙe, har a sayar da 'yan kunne da tunkiya. Ban raina addu'a ba, ni ma ina yi wa ɗalibaina. Abin da ke ci mini rai shi ne a hana yaro ganin likita saboda an riga an yanke cewa iska ce.

Mutane ba su san yadda rayuwar uwar nan take ba. Ta daina zuwa biki da suna, don ranar da ta je ya kifar da kwanon tuwo mata suka bi ta da ido, wata ta ce, "Ai sangarta ce, ba a kwaɓarsa." Ba ta samun barcin kirki, domin yawancin irin waɗannan yara barcinsu ba ya daidaita. Ƙofar gida kullum a kulle, kar ya fice ya hau titi cikin 'yan acaɓa da Keke Napep. Yayyensa na komowa da kuka an ce musu yayyen mahaukaci suke, ko 'yan gidan mahaukaci. Wata ta taɓa ce mini, "Ba wahalarsa ke sa ni kuka ba, Malama. In na mutu wa zai riƙe shi?" In mace ce kuma ta fara girma, tsoron ya ninku, don yarinyar da ba ta iya faɗin abin da aka yi mata ita azzalumi ke nema.

Galahanga ba hauka ba ce, ba kuma laifin uwa ba ne. Yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ta ginu, gado na da babban hannu a ciki. Allurar rigakafi ba ta kawo shi: binciken da ya yaɗa wannan zargi a Ingila a 1998 an janye shi a 2010 bayan an gano maguɗi ne. Babu ƙwayar da ke warkar da shi, duk mai sayar muku da irinta kuɗinku yake so. Abin da ke aiki shi ne horo da wuri: koyon magana ko nuni da hotuna, shiga banɗaki, sa riga, zama da mutane. Na ga yaron da ba ya furta kalma ya koyi miƙa hoton kofi in yana jin ƙishirwa, ihunsa ya ragu sosai, don ya sami hanyar faɗin buƙatarsa.

Akwai kuma waɗanda matsalarsu ba ta fito fili haka ba, kamar yaro mai wayo da haruffa ke rikice masa, ko wanda ba ya iya zama wuri ɗaya. Su ne ake kira daƙiƙai a aji, su ne bulala ke ƙarewa a kansu. Malamai 'yan'uwana, na boko da na allo, duka bai taɓa koya wa irin wannan yaro karatu ba.

In yaro ya shekara ɗaya ba ya amsa sunansa, ko ya kai biyu ba ya haɗa kalma biyu, ko ya fara magana ta ɗauke, a kai shi sashen yara na Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Turai 'Yar'aduwa. A nemi a fara gwada jinsa, don sanƙarau da shawarar jarirai kan taɓa kunne. In yana suma ko sandarewa a faɗa wa likita, farfaɗiya tana da magani. A kuma sani cewa dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin karatu kyauta har sakandare.

Roƙona na ƙarshe ga iyaye maza ne, don ba kasafai nake ganinsu ba. Alhaji, in maiɗakinka ta ce ta ga alama, ka yarda da ita, ita ke wuni da shi. Ka ɗauki ɗanka da kanka ku je asibiti tare, ka tare mata bakin dangi, ka riƙa fita da shi cikin mutane kamar sauran 'ya'yanka. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanarsu.