Tattakin Safe: Yadda Za Ka Lissafa Kalorin da Kake Ƙonawa

Wani maƙwabcina mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ya tare ni a ƙofar masallaci bayan Magariba, waya a hannu, ransa a ɓace.

"Malam, duba min nan. Wata guda cur ina tattaki bayan Asuba, kullum wayar nan sai ta ce na ƙona kalori 400. Jiya na hau sikeli a kemis, allura ko gezau. Wayar ce ke shirga min ƙarya ko sikelin?"

Na ce, "Alhaji, zo mu zauna mu yi lissafi irin naku na 'yan kasuwa." Muka sami benci, na ciro biro, ya miƙo min bayan wani tsohon rasit. Abin da muka rubuta a takardar nan shi na kawo muku yau, domin masu irin wannan ƙorafi suna da yawa.

Ciniki daban, riba daban

Kalori ma'auni ne na ƙarfin da abinci ke ba jiki, da kuma wanda jiki ke kashewa. Ko kana kwance kana sharar barci jikinka yana kashewa, saboda zuciya na bugawa, huhu na aiki, ƙwaƙwalwa ba ta tsaya ba. A ƙiyasi, kowane kilo na nauyinka yana cin kusan kalori 1 a awa guda kana zaune. Mutum mai kilo 90 yana ƙona kimanin 90 a awa ko bai ɗaga yatsa ba.

Manhajoji da yawa suna haɗa wannan da abin da tafiyar ta ci, su nuna maka jimilla. Na tambayi Alhaji, "In ka yi cinikin dubu ɗari a rana, kana cewa ka ci ribar dubu ɗari?" Ya yi dariya ya ce sai an ware uwar kuɗi. To, haka nan ma. Mai son rage ƙiba ribar yake nema, wato abin da tafiyar ta ƙara a kan wanda da ma jiki zai ƙona.

Lissafi mafi sauƙi

Ɗauki nauyinka a kilo, ka ninka da yawan kilomitar da ka taka, sannan ka raba biyu. Abin da ya fito shi ne ribarka, in a shimfiɗaɗɗiyar hanya ka yi tafiyar.

Alhaji kilo 90 ne, kuma yana taka kilomita 4. Casa'in sau huɗu 360, rabinsa 180. Mace mai kilo 70 da ta taka kilomita 3 ta sami 105. Saurayi mai kilo 60 da ya taka kilomita 5 ya sami 150. Daga nan za ka ga mai jiki ya fi siriri ƙonawa a tafiya iri ɗaya, don kayan da yake ɗauke da su sun fi nauyi. Za ka kuma ga cewa duk kilon da ka zubar, abin da kake ƙonawa a tafiyar yana ɗan raguwa.

In lokaci ka fi iya kiyayewa fiye da nisa, akwai hanya ta biyu. Masana motsa jiki suna da ma'aunin da suke kira MET, wanda Barbara Ainsworth da abokan aikinta suka tattara a wani kundi tun 1993, ana kuma sabunta shi. Zama wuri ɗaya MET 1 ne. Tafiyar yanga, kamar kilomita 3 a awa, ba ta kai 3 ba. Tafiyar mai zuwa aike, kusan kilomita 5 a awa, kimanin 3.5 ce. Saurin wanda ya ji an tayar da iƙama yana nesa da masallaci, kilomita 6 da ɗoriya a awa, ya kai 5. Sai ka ninka lambar da nauyinka da awannin da ka yi. Alhaji yana cinye kilomita huɗunsa cikin minti 50, don haka jimillarsa ta tashi kusan 260. Da muka cire 75 na uwar kuɗi, saura 185. Hanyoyin biyu sun haɗu kusan wuri ɗaya, kuma duka ba su kai rabin abin da wayarsa ke faɗa ba.

Wannan kuskure ba a wayar Alhaji kaɗai yake ba. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada agogunan hannu bakwai masu auna motsa jiki. Wajen ƙirga bugun zuciya yawancinsu sun yi abin kirki, amma wajen kalori, wanda ya fi kowanne iya aiki ya kauce da kashi 27 cikin 100, na ƙarshe kuwa da kashi 93. Saboda haka ka bar wa waya aikin da ta iya, wato auna nisa da lokaci da ƙirga taku. Lissafin kalori ka yi abinka da biro.

Yadda za ka san nisan da ka taka

Taswirar Google tana nuna nisa tsakanin wuri da wuri. Mai babur ko mota ya bi hanyar sau ɗaya ya duba mitarsa. Zagaye uku na cikakken filin ƙwallo kilomita ɗaya ne da 'yan kai, layin tsere na filin wasa kuwa mita 400 ne, zagaye biyu da rabi ke nan. In da taku kake ƙirgawa, yawancin manya suna yin 1,300 zuwa 1,400 a kilomita. Wanda Allah ya nufa da zuwa Makka ya san kilomita 3 a ƙafarsa, domin sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sau bakwai ya ɗan haura haka.

'Yar'uwa da fita ke yi miki wuya, tsakar gida ma fili ce. Ki auna tsawonta da tef ɗin ɗinki. In mita 10 ce, safa da marwa sau 50, zuwa da dawowa, kilomita ɗaya ne cif. Ki ajiye tsakuwa goma a bakin taga, duk zagaye biyar ki ture ɗaya, don kada lissafi ya ɓace miki.

Wani abin lura kuma: takun da ka saba yi tun da can, daga gida zuwa bakin titi ko kai-komo a shago, ba ya cikin riba. Da shi jikinka ya kai nauyin da yake a yanzu. Ƙarin da ka yi a kai shi za ka lissafa. Batun taku 10,000 da ake ta yayatawa kuwa, asalinsa sunan wata na'urar ƙirga taku ce da aka fitar kasuwa a Japan a 1965, mai suna Manpo-kei, ma'ana "mai ƙirga taku dubu goma". Lamba ce mai daɗin faɗa, amma kada rashin cika ta ya karya maka gwiwa. Wanda yake yin 3,000 ya koma 6,000 ya yi babban aiki.

Abin da ke ƙara lissafi da abin da ba ya ƙarawa

Hawa yana ƙarawa sosai. Duk wanda ya taɓa hawa Dutsen Dala ya ji a cinyarsa. Rairayi mai laushi yana iya ninka wahalar tafiya biyu ko fiye. Kaya a ka ko goyo a baya sai a haɗa nauyinsu da naka. Sauri kuwa a kowace kilomita ɗan kaɗan yake ƙarawa; amfaninsa shi ne kana cin nisa mai yawa a lokaci kaɗan, zuciya kuma tana samun horo. Gwajin saurin da ya dace: kana iya magana da abokin tafiya, amma ba ka iya rera waƙa. A ƙirge, kusan taku 100 ne a minti.

Gumi ba ya cikin lissafi ko kaɗan. Na sha ganin samari da rigar sanyi, wasu har da leda a ɗaure a ciki, suna tafiya a zafin Afrilu wai suna narka kitse. Ruwa suke zubarwa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce a sikeli, kuma da sun sha ruwan leda biyu ta dawo. Abin da ake samu a wannan dabara jiri ne da wahalar da ƙoda.

Inda ribar ke zurarewa

Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Raba shi da 180 na Alhaji: kwana 43, in bai yi fashi ba kuma bai ƙara ko loma ɗaya a kan abin da ya saba ci ba. Da na rubuta lambar sai ya yi shiru. Na ce, "Alhaji, in ka gama tattakin ina kake biyawa?"

Ya sosa ƙeya. Teburin mai shayi. Da can koko yake sha a gida ya wuce kasuwa, amma tun da ya fara tattaki yake jin ya cancanci lada: shayi mai kauri, burodi, wainar ƙwai biyu. Muka jera su. Ƙwai biyu kusan 150. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa 120, mai shayi kuwa ba ya awo, tuttulawa yake. Burodi giram 100 kusan 260. Sukari ƙaramin cokali uku kusan 50, ga madara. An haura 600. Ya taka kilomita huɗu ya samo 180, ya zauna minti goma ya zuba fiye da ninki uku. Na ce masa, "Da wannan lissafi, godiya ya kamata ka yi wa sikelin da ya tsaya bai hau ba."

Jiki ma yana da tasa dabarar. In ka ƙara motsi yakan ƙara maka yunwa, ko ya sa ka yini a kishingiɗe kana rama gajiya. Binciken da Herman Pontzer da abokan aikinsa suka wallafa a 2012 kan mutanen Hadza na Tanzaniya, maharba masu yini suna yawo a daji, ya nuna abin da suke ƙonawa a rana bai zarce na mazauna biranen Amurka da Turai ba, in an yi la'akari da girman jiki. Don haka ka ɗauki lissafin takarda a matsayin iyakar abin da za ka iya samu. Na zahiri yakan yi ƙasa da shi.

To, me ya kamata a yi? A haɗa ƙafa da kwano. Robar lemon kwalba mai santilita 50 tana ɗauke da kalori kusan 210, fiye da duk tattakin Alhaji. In mai shan ta ne kullum, ya bar ta ya ci gaba da tafiyarsa, ribarsa ta koma 390, kwana 43 ɗin nan sun dawo kusan 20. Rage cokali ɗaya na mai a miya ko a kan shinkafa da wake daidai yake da tafiyar fiye da kilomita biyu da rabi a wurinsa. Ba sai ka bar tuwo ba. Malmala biyu ta koma ɗaya da rabi, miyar ganye ta ƙaru.

Tsarin da za ka bi

Fara da minti 15 zuwa 20 a rana, ka riƙa ƙara biyar duk mako. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Mai neman rage nauyi ya nufi ɓangaren sama. Lokacin bazara ka fita bayan Asuba ko gab da Magariba, da ruwa a hannu. Lokacin hunturu mai asma ya rufe hanci ko ya jira ƙura ta lafa. Da azumi, tafiya zuwa masallacin tarawihi mai ɗan nisa ta wadatar. Sauka daga a-daidaita-sahu tun kafin ka iso, ka ƙarasa da ƙafa.

Sa takalmi mai rufi da taushi, silifas ba na doguwar tafiya ba ne. Mai ciwon suga ya duba tafin ƙafarsa kullum, in kuma yana allurar insulin ko shan maganin da ke sauke suga, ya tuntuɓi likitansa, ya riƙe dabino a aljihu. Mai hawan jini ko ciwon zuciya shi ma ya nemi shawara kafin ya fara. Duk wanda ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ko jiri, ko numfashi na neman gagararsa, ya tsaya ya nufi asibiti.

Hau sikeli sau ɗaya a mako, sikeli ɗaya, da safe kafin karin kumallo. Ka kuma auna ƙugunka da tef ɗin tela a daidai saman cibiya, ka nemi ya zama ƙasa da rabin tsayinka: mai tsayin santimita 170, ƙugunsa kada ya kai 85. Sau da yawa tef yana riga sikeli ba da labari. Ko duka biyun sun yi jinkiri, tafiyar ba ta faɗi ƙasa banza ba, don tana taimakon hawan jini da suga da barci.

Alhaji ya ninke rasit ɗin ya sa a aljihu. Yanzu in na fito da safe nakan hango shi a teburin mai shayin nan dai, ya gama zagayensa, yana riƙe da hannun yaron da ke zuba mai a kasko yana cewa, "Tsaya haka! Wannan cokalin kilomita biyu ne da rabi."