Yadda Ake Binciken Tsokar Maƙoshi Kafin a Zaɓi Maganin Sankara

Abin yakan fara ne daga tuwon acca. Dattijo a Fadan Kagoma ya ji loma tana tsaya masa a ƙirji, sai ya koma kunu, har ta kai ruwa ma da ƙyar yake wucewa. Daga Kafanchan akan tura irinsa asibitin koyarwa na Jos ko na Shika a Zariya. Can za a zura masa siririn bututu mai kyamara ta baki, a gutsuro tsoka daga wurin da ya kumbura, 'yar mitsitsiya kamar ƙwayar gero.

Nan take ake jefa ta cikin ruwan fomalin. Wannan mataki ne aka fi rainawa, alhali shi ne tushen aikin. In tsokar ta bushe, furotin ɗin da ake nema ya lalace. Zamanta a ruwan kada ya gaza awa 6, kada ya wuce 72. To, in ɗan'uwa aka damƙa wa kwalbar, kada ya ce sai ranar kasuwa zai kai ta ɗakin gwaji.

A ɗakin gwaji a tsane ta, a daskarar da ita cikin kaki, a yanka sala-sala, sirantaka fiye da gashi. Rinin farko shi ke nuna irin sankarar. Daga nan a ɗiga sinadarin da ba ya manne wa komai sai furotin ɗaya tak. In yana nan, wurin ya yi ruwan ƙasa a madubin likita.

A sankarar da ke tasowa kusa da bakin tumbi, furotin HER2 ake nema, makinsa daga 0 zuwa 3+. Mai 3+ akan ƙara masa maganin trastuzumab, mai 2+ sai an sake wani gwajin. Amma a Afirka wani nau'in ne ya fi yawa, wanda taba da barasa ke rura wa wuta. A nan furotin PD-L1 ake dubawa, saboda maganin pembrolizumab da Amurka ta amince a haɗa shi da cisplatin a 2021. Akwai kuma furotin ERCC1, mai ɗinke ɓarnar da cisplatin ke yi wa ƙwayar sankarar; an ga inda ya yi yawa maganin bai cika ci ba, sai dai har yanzu yana hannun masu bincike.

Dunƙulen kakin nan yana shekaru bai lalace ba. In aka sauya asibiti, shi za a nema a tafi da shi, ba sai an sake zura wa dattijo bututu ba.