Darasi: Shugaban Makaranta da Sulhu Tsakanin Malamai

Yawancinmu muna da 'ya'ya a makarantun firamare na ƙauyukanmu, waɗansunmu kuwa malamai ne ko shugabannin makarantu. Darasinmu na wannan wata yana kan abin da ke sa malami ya zauna a makaranta da kwanciyar rai, ko kuwa ya nemi a canja masa wurin aiki.

A ƙasar Bichi, Ɗambatta, Makoɗa da Kunchi, ƙauyuka suna kusa da juna, gona tana jikin gona, kowa kuma ya san kowa. Saɓanin da ya tashi a ofishin hedimasta da safe, kafin la'asar ya kai kasuwa da ƙofar mai unguwa. Tun da aka soma shirin ilimin firamare na bai-ɗaya, wato UPE, a 1976, sa'an nan UBE a 1999, yara suka yi yawa, malamai da azuzuwa suka kasa. A 2024 Gwamnatin Jihar Kano ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Inda aiki ya fi ƙarfin ma'aikata, rigima ba ta wuyar tashi.

Mafarin saɓani

Sau da yawa ƙaramin abu ne: rabon azuzuwa, ko wanda za a tura bita inda ake biyan alawus. Wani malami yana zuwa daga birnin Kano, kullum ya makara. Wani ɗan gari ne, da damina sai ya sulale zuwa gonar geronsa. In hedimasta ya kau da kai ga ɗaya, ya rubuta wa ɗayan takardar tuhuma, to, ya shuka gaba. Harshe da haƙori ma sukan saɓa. Abin da ke kashe zuciyar malami shi ne a nuna masa bambanci.

Abin da masana suka gano

A 1959 Frederick Herzberg na Amurka ya nuna cewa ƙarancin albashi da mugun shugabanci suna kawo ɓacin rai, amma jin daɗin aiki yana zuwa ne in mutum ya ga amfanin wahalarsa, aka yaba masa, aka kuma ba shi amana. Hedimasta ba shi da iko a kan albashi, amma yabo da amana suna hannunsa.

A 1974 Kenneth Thomas da Ralph Kilmann suka kasa hanyoyin fuskantar saɓani kashi 5: nuna ƙarfi, kaucewa, sakar wa ɗaya gefen, raba rigima biyu, da haɗa kai a nemi mafita. Kowace tana da ranarta. In malami ya ji wa yaro rauni da bulala, dole shugaba ya tsawata nan take. Amma wanda ya mai da nuna ƙarfi al'adarsa zai sami malamai masu tsoro, masu ɓoye masa gaskiya. Mai kaucewa kullum kuwa, da sunan zaman lafiya, yana rufe tsumma ne a kan garwashi.

Hanyar da ta dace

1. Shugaba ya kira malami a keɓe. Kada ya tsawata masa a gaban yara, gama malamin da aka kunyata a filin taro ba zai iya riƙe ajinsa ba.
2. Ya saurari kowane gefe kafin ya yanke hukunci, ko da ɗayan ɗan'uwansa ne.
3. A yi rabon azuzuwa da jerin masu zuwa bita a taron malamai, a rubuta, kowa ya gani.
4. In abin ya gagara, a kira dattawan kwamitin gudanar da makaranta. Kai ƙara wurin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ya zama mataki na ƙarshe.

Ku iyaye, kada ku zama masu hura wuta. Malamin kirki da ya bar makarantar ƙauye da ɓacin rai, kafin a aiko da madadinsa ajin yakan daɗe ba kowa, 'ya'yanku ne kuwa ke zaune a ciki.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wace hanya cikin biyar ɗin nan aka fi bi a makarantar ƙauyenmu?
2. Yaushe rabonmu da mu je mu gode wa malamin ɗanmu?

Allah ya ba shugabanninmu hikima da adalci. Amin.