Gobarar Eagle Creek da Haƙƙin Mai Bin Turbar Daji

A jihar Oregon, arewa maso yammacin Amurka, akwai wani kwari mai zurfi wanda kogin Kolombiya ya ratsa, kuma a cikinsa hukumar kula da dazuzzuka ta ƙasar ta tanadi turbobi, wato siraran hanyoyin ƙafa da jama'a ke bi domin shaƙatawa da kallon ruwan da ke zubowa daga kan duwatsu. Ranar 2 ga Satumba, 2017, lokacin da rani ya busar da ciyayi har aka haramta kunna wuta a dajin, wani yaro ɗan shekara 15 ya jefa abin wasan wuta cikin kwazazzabon da ke gefen turbar Eagle Creek. Busasshiyar iskar gabas, mai kama da ta hunturu, ta rura wutar, har ta cinye kusan eka 50,000, ta tsallake kogin ta kama a jihar Washington, sannan ta yi wajen wata uku kafin a shawo kanta. Mutum 153 da wutar ta tare wa hanya sun kwana a daji, aka kwashe mazauna wani sashe na garin Cascade Locks, aka kuma rufe babbar hanyar motar da ta bi kwarin.

Ra'ayin mutanen yankin ya rabu game da hukunci. Wasu sun nemi a tsananta domin ya zama izina, wasu kuma suka ce ƙuruciya ce, ba mugunta ba. A 2018 kotu ta ɗora wa yaron aikin al'umma na sa'o'i 1,920, ta kuma umarce shi da biyan diyyar fiye da dala miliyan 36, kuɗin da kowa ya san ba zai iya biya ba. Sai dai gardamar hukunci ta ɗauke hankalin mutane daga abin da ya fi muhimmanci, domin yaron ba shi kaɗai yake ba, yana tare da abokan tafiya waɗanda ba su hana shi ba, kuma shaidar wata mata da ta ga abin da idonta, ta sanar da hukuma, ita ce ta sa aka gano shi. Jami'in daji ba zai iya tsayuwa a kowace kwana ba, saboda haka tsaron turba yana hannun masu bin ta, kuma wanda ya ga ana wasa da wuta ya yi shiru yana da nasa kason alhakin.

Ƙa'idojin kiyaye tashin gobara a daji kuwa ba su da wuya. Duk wanda ya hura wuta a inda aka halatta, wajibi ne ya kwarara mata ruwa, ya motsa tokar, ya ƙara ruwa, sannan ya kusanto da bayan hannunsa ya tabbatar babu sauran ɗumi, saboda garwashin da aka rufe da ƙasa kawai yana iya kwana da rai. Haka nan ba a yar da guntun taba, ba a kuma ajiye mota a kan busasshiyar ciyawa, domin zafin salansa yana iya tayar da wuta.

Rufe turbobi bayan gobarar ya jawo ƙorafin masu yawon daji da 'yan kasuwar da ke cin abinci da baƙi, amma a nan gaskiya tana wajen hukuma. Idan wuta ta ƙone gansakuka da saiwoyin da ke riƙe da gangare, duwatsu sukan gangaro, ƙonannun itatuwa kuma sukan faɗi ba tare da wata alama ba, musamman idan ruwan sama ya sauka. Wannan ne ya sa 'yan sa-kai suka shafe shekaru suna kwashe duwatsu da gyaran hanya tare da ma'aikatan hukuma, kuma ba a sake buɗe turbar Eagle Creek ba sai a 2021.