Ruwan Bompai a Gayawa Yake Sauka

Kogin Jakara daga cikin birnin Kano yake tasowa, ya ratsa ta gefen kasuwar Kurmi, ya nufi arewa maso gabas har dam ɗin Wasai da ke Minjibir. A hanya rafin Getsi yake tarar da shi, ɗauke da ruwan da masana'antun Bompai suka yi shekaru suna zubarwa. Duk abin da birni ya ƙi riƙewa, mutanen da ke ƙasa ne suke karɓarsa, wato irin su Gayawa a ƙaramar hukumar Ungogo.

Mai wannan rubutu safiyo ne, kuma yawancin aikinsa a wannan yanki yake. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne yawan kiran da ake yi masa ya auna fuloti a wurin da dattijan unguwa suka san kududdufi ne. An haƙi ƙasar gini ko burji an bar rami, ruwa ya mayar da shi masauki. Sai a wayi gari tifa tana juye shara da ɓaraguzai, a bi da jar ƙasa a sama, dillalai su ja igiya. Mai saye yana ganin fili shimfiɗe, farashi da sauƙi, ya ce Allah ya kashe ya ba shi.

Lissafin ba shi da wuya. Kududdufi mai faɗin hekta 1 da zurfin mita 2 yana ɗaukar lita miliyan 20. Ruwan sama na milimita 50, wanda ba baƙo ba ne a watan Agusta, idan ya sauka a kan hekta 1 ta kwano da siminti, lita 500,000 ce take gangarowa. Ke nan kududdufin nan shi kaɗai zai iya shanye ruwan hekta 40 ta gine-gine. Ranar da aka cike shi, ruwan bai ragu ko da cokali ba, ɗakunan jama'a zai nema. A cikin birni kuma an yi wa Jakara hanyar kankare, an rufe wani sashensa da titi a zangon mulkin Gwamna Kwankwaso na biyu. Wari ya ragu, an samu hanya, amma ruwan da ke gudu a kan kankare da sauri da ƙarfi yake isa ƙasa. Wanda ya ga kwazazzabon Bulbula da Gayawa, da gidajen da ya ci, ya san abin da gudun ruwa yake yi wa ƙasa mai laushi. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya ya sa hannu a gyaransa, kuma madalla. Sai dai gyaran ƙasa ba ya ɗorewa idan ana ci gaba da toshe masaukin ruwa a sama.

A nan ne filayen masana'antun da suka mutu suke da amfani. A Bompai akwai harabobin da injinansu suka daɗe da yin shiru, sai ciyawa da maigadi. Garin Duisburg na Jamus ya taɓa samun kansa haka: masana'antar narka ƙarfe ta rufe a 1985, hukuma ba ta yanka wurin ba, ta mayar da shi wurin shaƙatawa da aka buɗe a 1994, ruwan saman da ke sauka a rufin tsofaffin gine-ginen ma tara shi ake yi a zuba a tsohuwar magudana. Kano ba ta buƙatar kuɗin Jamus kafin ta fara. Fili mai ɗan kwari da aka kewaye da bishiyoyi, da rani yara su buga ƙwallo a yi sallar idi, da damina ya riƙe ruwa na kwana ɗaya ko biyu ya sake shi a hankali, ya wadatar. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓar fili saboda amfanin jama'a, a biya diyya.

Amma a fara gwada ƙasar. Majemu suna aiki da sinadarin kuromiyam, kuma binciken masana a jami'o'i ya sha nuna ƙarafa masu guba a ruwan Getsi da Jakara, ruwan da masu lambu suke ba latas da alayyafo da rani. Filin da ya sha irin wannan ruwa bai dace da lambu ko wasan yara ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar ko an rufe ta da tsaftatacciya.

Mai niyyar sayen fuloti a Ungogo, ya je ya gan shi a Agusta, kada ya tsaya ga ganin rani. Ya tambayi mai unguwa abin da ke wurin a da, ya sa a haƙa rami mai zurfin mutum, in leda ta fito ya riƙe kuɗinsa. Dagatai da masu unguwanni kuwa, ku rubuta sunan kowane kududdufi da ya rage a ƙasarku, ku kai wa hakimi da hukumar tsara birane ta KNUPDA, a shata iyakarsa tun kafin tifa ta iso.