Yadda Ake Ɗinka Jakar Takalma Domin Tafiya

Duk lokacin da hutu ya zo, ko ranar komawa makaranta ta gabato, mukan cusa takalmanmu cikin akwati tare da tufafi. Sai mun sauka mu tarar man gogen takalmi ya ɓata farar riga, ko laka ta shafi mayafi. Banda wannan, ƙasan takalmi ya taka kasuwa da tasha da bayan gida, saboda haka yana ɗauke da ƙwayoyin cuta. Leda kuwa ba ta da ƙarko, kuma ba ta barin iska ta shiga, sai takalmi ya yi wari ko fumfuna. Maganin wannan shi ne jakar yadi mai zariya, wadda kowannenmu, mace ko namiji, zai iya ɗinkawa da hannunsa cikin yamma ɗaya.

Kayan Aiki

Muna bukatar ƙyallen auduga mai kauri, kamar ragowar atamfa ko kaki, mai tsawon inci 36 (wato yadi ɗaya) da faɗin inci 13. Sai igiya biyu, kowace inci 32, da allura, da zare, da almakashi, da alli, da tef na awo, da fil mai kulle. Wanda takalminsa ya fi inci 12 tsawo, sai ya ƙara wa ƙyallen inci 4. Mu wanke ƙyallen mu goge shi kafin mu yanka, domin auduga takan tsuke a wankin farko, wani yadin kuma yakan zuba.

Yadda Ake Yi

1. Mu ninka ƙyallen biyu ta tsawonsa, fuskar yadin tana ciki. Wurin ninkin shi ne gindin jaka, ba ya bukatar ɗinki.

2. Daga baki mu auna inci 3 da rabi zuwa ƙasa, mu sa alama da alli a gefen dama da na hagu.

3. Mu ɗinke gefen biyu daga gindi zuwa alamar, muna barin rabin inci daga bakin yadin. In da hannu ne, mu riƙa mayar da allura baya kaɗan a kowane ɗinki domin ya yi ƙarfi. A kan alamar mu maimaita ɗinkin sau 3 ko 4, gama nan ne jaka take fara yagewa.

4. Wurin da muka bari a buɗe, mu kalmashe gefensa mu ɗinke, don kada zare ya riƙa warwarewa.

5. Yanzu sai hanyar zariya, irin wadda muka sani a ƙugun wando. Mu lanƙwasa bakin rabin inci, mu goge, mu sake lanƙwasa inci 1 da rabi, sa'an nan mu ɗinke ƙasan ninkin. Haka za mu yi wa ɗaya ɓangaren. A nan ne masu koyo suka fi yin kuskure: idan hanyar ta matse, igiya ba za ta zarce ba.

6. Mu juya jakar. Mu maƙala fil a kan igiya ta farko, mu shigar da ita ta dama, ta zagaye bakin duka ta dawo dama, mu ƙulle kawunanta biyu. Ta biyu kuma mu shigar ta hagu ta dawo hagu. Da mun ja igiyoyin biyu, bakin zai tsuke.

Jakar da ta fito za ta kai inci 16 tsawo da inci 12 faɗi.

Kulawa da Ita

Kada mu sa jiƙaƙƙen takalmi a ciki. Mu kaɗe ƙura, mu bar shi ya bushe a inuwa, domin zafin rana yakan sa fata ta tsage. Mu jera takalman, kan wannan a wajen dunduniyar wancan, don su rage cin wuri. 'Yan makarantar kwana su ɗinka sunansu a jiki, saboda kaya sukan cakuɗe a ɗaki. Bayan kowace tafiya mu wanke jakar ita kaɗai.

Wanda ya iya wannan, ya koyi awo da yanka da kalmasa, kuma da su ne ake ɗinka rigar matashin kai, har ma da wando. Kafin hutu mai zuwa, bari kowannenmu ya nemi ƙyalle ya gwada.