Kafin ki biya kuɗin zangon farko a makarantar mishan

Tambaya: 'Yata ta cika shekara 6, kuma a watan Satumba za ta shiga aji ɗaya a makarantar Katolika da ke unguwarmu a Kaduna, ko da yake mu 'yan ECWA ne. Na ɗinka mata yunifom, na sayi jaka da takalmi. Me ya rage mini? Daga wata uwa.

Amsa: Mama, kin gama da mai sauƙin, domin tela da ɗan kasuwa ne suka yi miki shi. Wanda ya rage ba ya sayuwa: zama da shugaban makarantar, ido da ido, kafin ki kai ko kwabo banki. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma iyaye da yawa sai a mako na uku suke fara tambayoyin da ya kamata su yi tun watan Agusta.

Fara da sanin mai makarantar. Sunan mishan yana da kwarjini a Arewa saboda tsofaffin makarantun da suka yaye iyayenmu, irin na Wusasa da Gindiri da Kagoro. Amma a shekarun 1970 gwamnati ta karɓe yawancin makarantun mishan, kuma abin da ake kira da wannan suna a yau kashi-kashi ne. Akwai wadda babbar hukumar ikilisiya ke riƙe da ita, tana da sashen ilimi mai sa ido, kamar yadda ake samu a Katolika da Anglikan da ECWA da COCIN. Akwai wadda majami'ar unguwa ta buɗe a harabarta, kwamitin dattawa ke gudanar da ita. Sai kuma ta mutum ɗaya, ɗan kasuwa, wanda ya zaɓo suna daga Littafi Mai Tsarki ya rubuta a allo. Kowacce a cikinsu tana iya yin kyau, tana iya lalacewa. Bambancin yana bayyana ne ranar da kike da kuka: wa za ki kai wa bayan hedimasta? Nemi ganin takardar amincewar ma'aikatar ilimi ta jiha. Makarantar da ke da ita ba ta jin nauyin nunawa, sau da yawa ma a bangon ofis take rataye.

Daga nan ki roƙi a nuna miki ajin da malamar da za ta riƙe shi. A ƙa'ida, mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya ita ce NCE, tare da rajistar hukumar malamai ta TRCN, kuma manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ƙirga kujerun da idonki. Tambayar da na fi ba muhimmanci ita ce: shekara nawa malamar ta yi a makarantar? Inda albashi bai taka kara ya karya ba, malamai ba sa zama, kuma yaron aji ɗaya da aka sauya masa malami sau uku a shekara yakan fita bai iya haɗa baƙi da wasali ba, komai yawan addu'ar da ake yi a asambuli.

Yanzu ga batun da kika ambata a gurguje alhali shi ne babba: ku ECWA, makaranta Katolika. Ranar makaranta irin wannan da sujada take farawa, waƙa da karatun nassi da addu'a, ga darasin addinin Kirista a jadawali, ga ayar hadda. Har nan babu abin da zai zame miki baƙo. Sai dai ki sa ran 'yarki za ta dawo gida tana yin alamar gicciye kafin ta ci abinci. A makarantun Katolika da dama ana tsayawa da ƙarfe 12 na rana don addu'ar Mala'ikan Ubangiji, ana kai yara Mas a wasu ranaku, kuma watan Oktoba, makonni kaɗan bayan buɗe makaranta, watan addu'ar Rosari ne. Kada wannan ya same ki ba shiri har ki tsawata wa yarinya a kan abin da malamarta ta koya mata. Ɗan shekara 6 ba ya iya ɗaukar rigimar manya biyu da yake ƙauna. Ki zauna da maigida ku yanke abin da kuka yarda ta shiga da wanda za ta zauna shiru cikin ladabi, sa'an nan ki faɗa wa Sista ko Fada ko duk wanda ke shugabanci. Tambayi musamman yadda ake yi da yaran da ba 'yan Katolika ba a lokacin katikisma, tunda shirin cin Jibin Ubangiji na farko na 'ya'yan ɗariƙar ne.

Doka ma ta yi magana. Sashe na 38 na kundin tsarin mulki na 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi karatun addini ko ibadar da ba ta addininsa ba, ko wadda iyayensa ba su amince da ita ba. Wannan sashen kuma ya ba kowace ƙungiyar addini damar koyar da addininta ga 'ya'yanta a makarantar da ita kaɗai ke ɗaukar nauyinta. Ba na ba ki shawarar shiga ofis da kundin a hannu. Magana mai laushi tun kafin rajista ta fi shi aiki. Na kawo shi ne har saboda maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda da yawansu ke kai 'ya'yansu makarantun mishan a Kaduna da Jos da Zariya don ingancin karatu. Su ma su tambaya tun farko: me yaro zai yi a lokacin darasin addini, ƙarfe nawa ake tashi ran Juma'a, mene ne ƙa'idar sutura ga 'yan mata? Amsar ta bambanta daga makaranta zuwa makaranta, kuma gara a ji ta kafin a biya.

Wata tambayar da iyaye ke jin kunyar yi ita ce ta bulala. Akwai malaman da ke fakewa da maganar sanda ta littafin Karin Magana su huce gajiyarsu a jikin yara. Tambayi wa ke da izinin hukunta yaro, da me, kuma ko ana sanar da iyaye. Idan aka yi dariya aka kauce wa tambayar, kin sami amsa.

Batun kuɗi kuwa, abin da aka rubuta a matsayin kuɗin makaranta ba shi ne duka ba. Nemi a rubuta miki na shekara gaba ɗaya, zango uku: rajista, littattafai, kayan wasanni, kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, lesin na bayan tashi, jarrabawa, har da gudummawar bikin godiyar kaka da na waƙoƙin Kirsimeti. Zango na biyu ne ke kayar da mutane, domin a Janairu yake zuwa, aljihu ya riga ya sha hidimar Kirsimeti. Idan kina adashe, ki nemi kwasarki ta faɗo a lokacin. Wasu makarantun coci suna rangwame ga mai yara biyu ko uku, ko su yarda a biya kashi-kashi, amma sai an tambaya. Biya ta banki, ki adana rasit. Littattafai kuma kada ki saya sai jerin makarantar ya shigo hannunki, balle ma a 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhaja mai rage yawan darussa, don haka idan tana da yaya, littafin da ya bari ba lalle ya yi ba.

Takardu: shaidar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da katin rigakafi. Katin baftisma ba ya maye gurbin ta farkon. Duba yadda aka rubuta sunanta da ranar haihuwa a rajista harafi bayan harafi, domin kuskuren aji ɗaya kan bi yaro har WAEC.

Ita yarinyar fa? Barci ne farko. Likitocin yara sun ce daga shekara 6 zuwa 12 ana bukatar awa 9 zuwa 12 a dare, wato mai tashi ƙarfe 6 na safe ya kamata ta kwanta wajen ƙarfe 8. Dogon hutu ya ɓata wannan tsari, sai ki fara ja da lokacin kwanciya baya kaɗan-kaɗan tun saura mako biyu. Satumba damina ce, sauro na ganiyarsa, gidan sauro ya zama dole. Idan tana da sikila ko asma, ko akwai abincin da ba ya karɓarta, rubuta ki ba malama hannu da hannu, kada ki bar shi a fom kawai. Lura ko tana matsawa dab da talabijin ko sai an maimaita mata magana. Yara da yawa da ake kira daƙiƙai allon ne ba sa gani. Ki tabbata ta iya shiga bayan gida ita kaɗai ta wanke hannu, ta iya buɗe kwanon abincinta, ta san cikakken sunanta da lambar wayarki da ka. Ki kuma gaya mata, ki gaya wa mai gadi, su wane ne kaɗai ke da izinin ɗaukarta, ko da mai keken da kuka saba ne ya aiko wani a madadinsa.

Kada ki daina yi mata Hausa ko harshen gidanku don makaranta na Turanci. Yaron da ya ƙoshi da labari da hira a harshen uwarsa ya fi saurin kama karatu a kowane harshe. Ayar haddar da za a riƙa ba ta da Turanci ma dama ce: buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa ki karanta mata wurin, ki tambaye ta abin da ta fahimta, don kada ta zama mai rera abin da ba ta san ma'anarsa ba. Minti 15 kowace yamma ya isa.

Idan an yi mako uku da buɗewa, ki koma makarantar ba tare da an kira ki ba, da littattafan rubutunta a hannu. Duba ko ana gyara aikin da jan biro ko alamar daidai kawai ake zubawa, ki tambayi malama a ina take zama a aji, da wa take wasa, kuma ko tana cinye abincinta.